Na Raka Ɗan Yayata Kallon Tashin Roka A Amurka

Jama'a, aikin jarida yana da wani aibi wanda mu ma'aikatansa ba mu cika son faɗinsa a fili ba, watau mutum ya yi shekara da shekaru yana ba da labarin abin da bai taɓa gani da idonsa ba, har a riƙa ɗaukarsa gwani a kai. Tun da na fara zama a ɗakin labarai, na fassara labarin da ke cewa "an harba tauraron ɗan Adam" ya fi a ƙirga. Labari ya shigo da Turanci, in juya shi da Hausa, in sa masa kanu, in miƙa, in tashi in tafi cin abinci. Da a lokacin wani ya tsare ni ya ce, to, Malam, da me ake harbawar, me kuma ya hana abin faɗowa, da sai dai in yi murmushi in kawo wata maganar. Wanda ya fid da ni daga wannan duhu kuwa yaro ne ɗan shekara 16, ɗan yayata, a bakin wani ruwa a Jihar Florida ta Amurka, cikin watan Yuni na 1438 bayan Hijira bisa lissafin azumin da muke ciki, watau 2017.

Abin da ya kai ni ƙasar wani ɗan gajeren kwas ne na 'yan jarida. Da aka gama, sai na ce ba zan komo gida ba sai na yi mako guda wurin Yaya, wadda ke zaune da maigidanta a bayan birnin Atlanta. Yaron nan nata yana da shekara 4 aka tafi da shi daga Zariya, saboda haka Hausarsa tana ɗingishi ƙwarai, yana ji sarai amma in zai mayar da magana sai ya yi ta laluben kalmomi. Ran da na sauka ya kai ni ɗakinsa, na tarar da shi kamar shagon kafinta: bututun kwali, da fukafukai na wani katako marar nauyi, da warin gam ko'ina. Ashe rokoki yake ƙerawa, 'yan ƙanana, waɗansu tsawon kamu ɗaya, waɗansu sun kai ƙugun mutum. A can ana sayar da 'yan injunansu a kanti, an sa musu harufa, A da B da C da sauransu, kowane harafi ƙarfinsa ya ninka na bayansa. Har gasa 'yan makaranta suke yi, a sa ɗanyen ƙwai a cikin roka a harba shi sama, a ga wanda nasa zai sauko da laima bai fashe ba. Yaya ta ce da ni, ai ƙwan da yaron nan ya fasa mata a bayan gida ya isa a buɗe wurin mai shayi.

Mahaifinsa, wanda muke kira Likita ko da yake haɗa magunguna ne aikinsa, ba ya ganin abin dariya a nan. Shi a wurinsa duk wannan wasa da wuta ne, kuma ya riga ya yanke cewa ɗansa aikin likita zai karanta. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya bar ƙasarsa, ya sake zama ɗalibi yana da furfura, ya yi aikin dare shekara biyar kafin ya tsaya da ƙafarsa, ba zai so ya ga ɗansa na fari ya ɗora rayuwarsa a kan bututun kwali ba. Amma yaron ya yi wata takwas yana yankan ciyawa a gidajen maƙwabta, yana tara kuɗin a gwangwanin madara har suka kai dala 400, duk domin ya je ya ga roka na gaskiya yana tashi. Likita ya yarda bisa sharaɗi biyu: kwana ɗaya tak, kuma sai da babba. Shi ba shi da hutu, Yaya ba ta da hutu. Sai yaron ya zo ya tsuguna a gabana bayan sallar isha'i, ya ce, "Kawu, ka iya tuƙi?"

Ranar Alhamis 1 ga watan Yuni, muna gama sahur muka kama hanya a motar Yaya. Daga Atlanta zuwa garin Titusville ya kusa mil 500, tafiyar sa'a bakwai da ɗoriya, kuma duk tsawonta bakin yaron nan bai huta ba. Ya ce rokan da za mu gani sunansa Falcon 9, na kamfanin SpaceX, zai ɗauki wani kumbo mai suna Dragon ya kai kaya wajen kilo 2,700 tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. A cikin kayan har da ɓeraye 40 da za a yi binciken raunin ƙashi da su. Ya ce shi wannan kumbon ya taɓa zuwa tashar a 2014 ya dawo, aka gyara shi, yanzu za a sake aika shi, kuma wannan ne karon farko da kamfanin zai yi haka. Ina ta cewa "to, to," hankalina yana kan alamun hanya. Can sai ya juyo ya ce, "Kawu, da na Nijeriya a ciki fa. Ai na ɗauka shi ya sa ka yarda."

Wallahi sai na ji kunya ta rufe ni. Ni da nake cin abinci da labarai, ban san da maganar ba. Ya bayyana mini cewa wani ɗan mitsitsin tauraro ne mai suna Nigeria EduSat-1, kowane gefensa inci 4, nauyinsa wajen kilo 1, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta yi tare da hukumarmu ta binciken sararin samaniya, a ƙarƙashin wani shiri na Kwalejin Fasaha ta Kyushu a Japan. Su biyar ne irinsa a tare: na Japan, da na Mongoliya, da na Bangaladash, da namu, da na maƙwabtanmu Ghana wanda shi ne na farinsu. Na yi shiru ina tuna yadda muke yi da irin wannan labari a ɗakin aiki. Lokacin da aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumba na 2003 ina makarantar sakandare, abin da na riƙe kawai shi ne ba'ar da manya ke yi, wai ƙasar da ba ta iya ba da wutar lantarki ba ita ce za ta sama. Da NigComSat-1, wanda aka harba daga Sin a 2007, ya mutu a watan Nuwamba na 2008 saboda matsalar faifansa na tara hasken rana, ba'ar ta ƙaru, har aka manta cewa an maye gurbinsa a watan Disamba na 2011. Tambayar ina kuɗin ke tafiya tambaya ce ta haƙƙi, kuma har gobe zan yi ta. Sai dai na gane a cikin motar nan cewa ni ba tambaya nake yi ba, dariya kurum nake tayawa.

Muka isa bayan azahar. Titusville ƙaramin gari ne a bakin wani faffaɗan ruwa da suke kira Kogin Indiya, kuma komai nasa roka ne, har lambar wayar yankin 321 ce, domin ta yi daidai da ƙidayar da ake yi kafin tashi. Akwai wani lambu a bakin ruwan inda aka ajiye shatin tafin hannun 'yan sama jannatin farko a jikin tagulla, nan muka sami wuri. Jama'a sun kafa kujerun naɗewa, tsofaffi da jikokinsu, kowa da tabaran hangen nesa da rediyo. Tsallaken ruwan, wajen mil 12 daga inda muke, yaron ya nuna mini wata hasumiya kamar tsinke. Ya ce wannan shi ne dandali mai lamba 39A. Daga kansa Apollo 11 ya tashi ranar 16 ga Yuli, 1969, ya kai Neil Armstrong da Buzz Aldrin duniyar wata. Daga kansa jirgin nan mai zuwa ya dawo ya fara tashi a 1981, daga kansa kuma ya yi tashin ƙarshe a 2011. Tashin da muka zo gani shi ne na 100 daga wannan dandali. Na ce masa, to, ka san a wurinmu sunan Apollo a kan ciwon ido ya ƙare? Domin annobar jan ido ta ɓarke a Ghana a shekarar da aka je wata, mutane suka ce ƙurar can ce aka kwaso, har yau kuwa Afolo ake ce mata. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Sa'an nan ya tambaye ni yadda ake cewa jirgin sararin samaniya da Hausa, na ce kumbo. Ya maimaita ta sau uku, ya rubuta a bayan littafinsa.

An sa lokacin tashi ƙarfe 5:55 na yamma. Tun wajen ƙarfe huɗu na ga hadari yana haɗuwa, irin namu na tsakiyar damina, baƙi ƙirin daga ƙasa. Ni da na tashi a inda ake murna da hadari ban ɗauke shi a bakin komai ba, amma na lura yaron ya daina magana. Saura ƙasa da rabin sa'a sai aka yi walƙiya, tsawa ta biyo. Ba a jima ba murya ta fito daga rediyon wani dattijo da ke kusa da mu, aka ce an fasa, sai Asabar. Mutane suka shiga naɗe kujerunsu ba tare da ko tsaki ba, da gani sun saba. Shi kuwa nawa yaron ya tsaya ƙyam yana duban tsallake, ya juya mini baya don kada in ga fuskarsa.

Ni haushi ne ya kama ni. Na ce, yanzu don Allah abin da aka gina ya ratsa sama shi ne ke tsoron walƙiya? Su jira ta wuce mana, su tashi ƙarfe shida da rabi. Abin mamaki, wannan maganar tawa ta jahilci ita ce ta dawo da shi hayyacinsa. Ya share ido, ya ce, "A'a, Kawu, ba haka ba ne." Ya ce roka da dogon hayaƙin da ke binsa kamar sandan ƙarfe ne aka miƙa cikin gajimare, shi da kansa yana iya jawo tsawa. Ta faɗa wa Apollo 12 sau biyu a 1969, Allah Ya kiyaye, a 1987 kuma ta hallaka wani roka marar mutane. Shi ya sa aka kafa doka, in an yi walƙiya kusa sai an jira minti 30. Batun jira kuwa, ya ɗauko lemo daga cikin guzurinmu, ya zagaya masa roba a karkace, ya aza bisa murfin mota. Ya ce lemon nan duniya ce, robar kuma hanyar tashar, wadda ke tafe a sama mil 250, tana gudun mil 17,500 a sa'a, tana kewaye duniya cikin kamar minti 90. Hanyar tana nan inda take, duniya ce ke juyawa a ƙarƙashinta. Sai daidai lokacin da juyawar ta kawo Florida ƙarƙashin robar za a iya tashi, in an kuskure ko da minti ɗaya ne, man da rokan ke ɗauke da shi ba zai isa ya karkata ya cim mata ba. Kowace rana kuma lokacin yana matsowa baya da minti 24 ko kusa da haka, don haka ran Asabar ƙarfe 5:07 ne.

A nan ne na yi masa tambayar da na yi shekaru ban yi wa kowa ba, na ce me ya hana tashar faɗowa? Ya ce, "Ai faɗowa take yi, Kawu." Faɗowa take yi kullum, amma saboda tsananin gudun da take yi a kwance, kafin ta iso ƙasa ƙasar ta riga ta lanƙwashe ta kauce mata. Ashe wahalar zuwa sama ba a hawan take ba, a gudun take.

Saura magana da Likita. Sharaɗi kwana ɗaya ne, Asabar kuwa kwana biyu ke nan, ga shi ni jirgina na komowa gida ran Lahadi da yamma zai tashi daga Atlanta. Yaron ya buga waya, na ji yana "I, Baba. To, Baba," muryarsa tana ƙara yin ƙasa. Ya miƙo mini. Likita ya ce, "Ka ga irin abin da nake faɗa ko? Ku kamo hanya da safe." Ban shirya wata magana ba, abin da ya zo bakina shi na faɗa. Na ce, Likita, ka yi mini aikin gafara, yanzu ba rakiya nake yi ba, aiki ya kama ni, akwai kayan Nijeriya a cikin rokan nan, kuma yaron nan shi ne tafintana. Gaskiya ce rabi, dabara rabi. Ya yi shiru, na jiyo muryar Yaya daga nesa tana faɗin wani abu. Can ya ce, in Asabar ta wuce ko ya tashi ko bai tashi ba, kada mu ƙara ko sa'a guda. Kuɗin gwangwani ba su isa ƙarin kwana ba, sai na buɗe ambulan ɗin da na ware domin tsaraba. Waɗanda suka jira ni da turare da agogo a wannan shekara, yau sun ji inda kuɗinsu suka tafi.

Ran Juma'a muka shiga wurin baƙi na Cibiyar Kennedy. Ba zan cika ku da lissafin abin da ke ciki ba. Abu biyu ne suka tsaya mini: rokan Saturn V da aka kwantar a cikin wani dogon zaure, tsawonsa ƙafa 363, mutum ya yi ta tafiya a ƙarƙashinsa kamar ba zai ƙare ba, da wani ɗan guntun dutsen wata da aka bari kowa ya taɓa, ya yi sulɓi saboda yawan hannu. Na taɓa, na dubi yatsana, ban ga komai ba.

Asabar ta zo da gajimare, zuciyata kuwa ta kasa zama wuri ɗaya, domin na san in aka sake fasawa ni ne zan tuƙa yaron nan sa'a bakwai a cikin shiru. Tun ƙarfe ɗaya muka kama wurinmu. Dattijon nan mai rediyo ya dawo, ya gane mu, ya matsa mana. Ya ce yana yaro ya tsaya a bakin ruwan nan ya ga tashin Apollo, kuma an sha fasa tashi a gabansa har ya daina ƙirgawa. Wajen ƙarfe huɗu aka ce an fara ɗura mai, watau kananzir da aka tace da iskar shaƙa da aka sanyaya har ta zama ruwa. Ƙishirwa ta dame ni, amma na manta da ita. Minti goma, minti biyar, minti ɗaya. Jama'a suka miƙe tsaye suna ƙidaya da baki ɗaya, na ji yaron a gefena yana yi da Hausa, yana tuntuɓe, biyar, huɗu, uku.

Abin da ba wanda ya taɓa gaya mini shi ne, babu ƙara. Wani haske ne kurum ya ɓullo a gindin hasumiyar, mai kaifi kamar na masu walda, farin hayaƙi ya bazu gefe, sa'an nan wani siririn abu ya fara ɗagawa a hankali, a hankali, har na ce a raina anya zai kai? Injuna tara ne ke ci a ƙarƙashinsa, amma kunnena tsuntsaye kawai yake ji da ihun mutane. Sai da ya yi nisa, ya fara karkata wajen arewa maso gabas bisa teku, kusan minti guda ke nan, sa'an nan ƙarar ta tsallako ruwan ta same mu. Ba irin ta jirgin sama ba ce. Ruri ne mai tartsatsi, kamar ana yage sabon ƙyalle a cikin ƙirjin mutum, ina jin rigata tana kaɗawa a jikina. Na sami kaina ina ta salati ban san lokacin da na fara ba.

Ni na ɗauka an gama, har na sunkuya zan ɗauki jaka. Yaron ya riƙe mini hannu ya ce, "Kawu, tsaya, zai dawo." Bayan minti biyu da rabi kashin farko na rokan ya rabu da na biyu can inda ido ba ya kai, ya juya, ya kunna inji ya nufo gida. Muna ta duban kudu maso gabas. Can sai ga wata 'yar wuta tana saukowa da gudu, tana rage gudun, ta shige bayan itatuwa. Rediyo ya ce ya sauka a tsaye bisa ƙafafunsa, ƙasa da minti 8 da tashinsa. Mutane suna cikin tafi sai muka ji dam, dam, kamar harbin igwa, na zabura har dattijon ya yi mini dariya. Ƙarar da ya yi ce lokacin da yake saukowa da gudun da ya fi na sauti, ita ma sai a lokacin ta iso. A gida Nijeriya ƙarfe goma na dare ta wuce kaɗan.

Kumbon ya isa tashar ranar 5 ga wata. Ranar 7 ga Yuli aka saki ɗan tauraron namu da 'yan uwansa huɗu daga sashen Japan na tashar, ya yi ta kewaya har 2019 lokacin da ya gangaro ya ƙone a cikin iska, kamar yadda irinsa ke yi. Shi kuwa kashin rokan da muka ga saukarsa ya sake tashi a watan Disamba na 2017, daga baya aka kai shi Houston aka ajiye don masu kallo. Labarin da na rubuta da na komo, wanda na zuba masa shafi uku, an rage shi ya koma sakin layi huɗu a ƙasan shafi, domin makon nan siyasa ta cika takarda. Yaron bai zama likita ba. Injiniyan injuna ya karanta, shi da mahaifinsa suka yi shekara guda suna gaisuwa kawai kafin abin ya huce.

A wani gidan mai na sha ruwa a daren nan, da dabino uku da Yaya ta ƙulle mini da ragowar lemon da aka yi mini darasi da shi. Yaron ya yi barci tun kafin mu fita Florida, littafinsa a kan cinya. Wajen ƙarfe biyu na dare muka shiga unguwarsu, na ga fitilar falo a kunne. Likita ne ya buɗe ƙofa da kansa, da jallabiya, bai kwanta ba. Ya dube ni, ya dubi ɗansa, ya ce, "To, ya tashi?"

Yaron ya ce, "Ya tashi, Baba. Ya kuma dawo."

Likita ya karɓi jakar daga hannunsa, ya ce mu shigo, an ajiye mana abinci.